Burodin Cikin Rigar Filo

Shekarata goma sha ɗaya ina aiki a gidan yara na cocinmu, kuma a duk shekarun nan babu yaron da ya taɓa ce mini Mama na amsa. Doka ce. Ranar da na fara aiki Shugaba ta zaunar da ni a ofishinta ta ce, "Mu nan Anti ne. Yaran nan suna da iyaye, ko da iyayen sun lalace. Namu mu riƙe su har gidansu ya gyaru." Na ce to. A lokacin wata huɗu ke nan da rasuwar mijina, ban taɓa haihuwa ba, kuma danginsa sun nuna mini hanya. Yo da wane bakin zan ce a'a?

Ɗakina yana ƙarshen baranda, jikin ɗakin 'yan mata takwas da nake kula da su. Gado ɗaya, kujera ɗaya, akwatin ƙarfe, sai ƙusa a bango inda nake rataye kayan zuwa sujada. Idan yara suka tafi makaranta da safe, gidan yakan yi shirun da har famfon da ke ɗiga a bayan kicin kana ji. Mutane suna cewa ina da faɗa. Ina da shi, ban musa ba. Wanda ya yi wankin yara takwas, ya cire musu ƙwarƙwata, ya raba faɗa a kan cokali guda, ya zo ya nuna mini yadda ake yi da murmushi.

Yarinyar da zan ba ku labarinta, Tsit muke ce mata. Yaran ne suka raɗa mata, don ta yi wata huɗu a wurinmu ba wanda ya ji muryarta. Jami'ar walwala ce ta kawo ta, wadda muke kira Mai Fayil saboda ko banɗaki za ta shiga da fayil a hammata. Tsit tana da shekara huɗu a lokacin. Uwarta ce ta kulle ta a ɗaki ta tafi shaye-shayenta, ta yi kwana uku ba ta dawo ba, sai maƙwabta ne suka ɓalle ƙofar. Da na tuɓe ta zan yi mata wanka, sai da na juya fuskata bango na ce, "Ya Ubangiji, ka riƙe mini bakina."

Sati biyu da zuwanta, ina gyaran gado sai na ga tururuwa sun yi layi suna hawa ƙafar gadonta. Na bi layin har cikin rigar filo. Gutsuren burodi ne, ya bushe ya yi fumfuna. Dokar gidan ta hana abinci a ɗakin kwana, don haka na karkaɗe na zubar a kwandon shara, ban ma ɗauke shi a bakin komai ba. Da ta dawo daga ajin ƙanana ta wuce kai tsaye gadonta, ta cusa hannu a rigar filon. Ba ta yi kuka ba. Ta dai shige ƙarƙashin gado, jikinta ya sandare, ta yi fitsari a inda take. Kwana biyu ba ta sa komai a bakinta ba.

A rana ta uku, da kaina na yanko burodi daga na karin kumallona, faɗin yatsa uku, na saka a rigar filon ba tare da ta gani ba. Ta laluba ta ji shi. Da yamman nan ta ci abinci.

Tun daga ranar abin ya zama aikina. Kullum da safe, idan sun tafi makaranta, in cire na jiya in sa sabo, girmansu ɗaya, don kada ya ruɓe ya kira tururuwa. Ba ta taɓa cinsa ba. Taɓawa kawai take yi, ta tabbata yana nan. Ban gaya wa Shugaba ba, ban gaya wa Mai Fayil ba, Kuku ma, mai dafa mana abinci, da take tsokanata wai ni ce mace ta farko da burodi ke ɓacewa a hannunta ba ta ƙiba, ban gaya mata ba. Wata rana, bayan bakinta ya buɗe, ina yi mata kitso, Tsit ta ce, "Anti, burodina ba ya bushewa."

Na ce, "Ikon Allah ke nan. Tsaya da kanki."

Ta waigo ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta mayar da kai.

Shekara uku muka yi haka. Ba zan ɓoye muku ba, cikin takwas ɗin nan ita ce tawa. Na san ba daidai ba ne, na yi addu'a a kai, amma abin bai tafi ba. Idan muna tafiya sujada ranar Lahadi ita ke riƙe gefen zanena. Idan na zauna tsintar shinkafa sai in ji ta jingina da bayana, ba magana, ta yi ta numfashi. Ni da ba wanda ya jingina da ni tun da aka binne mijina, ina zan kai wannan?

A tsakiyar shekaru ukun nan ne uwar ta dawo.

Gidanmu ba riƙon yara kawai yake yi ba. Akwai ajin iyaye kowace Laraba da yamma a ƙaramin zauren coci, inda ake koya musu abin da ya kamata a ce sun sani tun farko, kuma akwai ziyara ranar Asabar. Uwar Tsit ta fara zuwa. Siririya ce, ba ta wuce talatin ba, hannuwanta duk sun yi fari sun tsattsage saboda wanki da guga take yi a wani otal. An ce ta daina sha. Na ce a raina, a bakinsu. Na ba ta wata biyu. Wata biyu suka wuce, shida suka wuce, shekara ɗaya da rabi matar nan ba ta fashi ko Laraba ɗaya ba. Ko ruwan sama ake yi za ka gan ta a kujerar gaba, da ɗan littafinta, tana rubuta abin da ake faɗa da rubutu irin na 'yan aji biyu. Abin da ya fi ci mini rai, idan ta gan ni sai ta rusuna har ƙasa ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Anti." In ce, "Yauwa," in wuce.

Tsit kuwa, da farko ɓuya take yi a bayana. Daga baya ta fara zama a benci ɗaya da ita. Daga baya na ga tana kirga ranaku da yatsu tun daga Alhamis.

Wata Litinin Shugaba ta kira ni. Ta ce kwamiti ya amince a fara gwaji: Tsit za ta je wurin uwarta daga Juma'a zuwa Lahadi, sau uku. Idan komai ya tafi daidai, ta koma gaba ɗaya. Ta miƙo mini littafin miƙa yaro. Haka muke yi a gidan: Antin da ta riƙe yaro ita ke rubuta duk abin da ta sani a kansa, ta zauna da uwar ta karanta mata, don kada a miƙa yaro kamar an miƙa ƙunshin kaya.

Na rubuta shafi biyar. Lambar takalminta. Maganin da ke sa ta ƙaiƙayi. Cewa ba a rufe mata ƙofa ko da ta banɗaki ce. Cewa idan za ki fita, ko shago ne, ki gaya mata lokacin da za ki dawo, kuma ki dawo a lokacin. Cewa gefen hagu na kanta ba ya son a ja kitso. Da na zo kan burodin sai na ajiye biro. Na ce wa kaina ai idan na rubuta, Shugaba za ta san na shekara uku ina karya doka. Ƙarya nake yi wa kaina, kuma na san ƙarya ce tun a lokacin. Na san matar nan mai guga ce. Na san Mai Fayil tana zuwa duba tsabtar ɗakinta, har da shafa yatsa a kan taga. Na san abin da mace irin wannan za ta yi idan ta sami burodi a cikin rigar filo.

Ranar Alhamis muka zauna da uwar a benci ƙarƙashin bishiyar tsakar gida. Na karanta, tana kwafa a littafinta. Da na gama ta ɗago ta ce, "Anti, don Allah akwai wani abin da ya rage? Ko ƙarami ne. Ni ban san ta ba kamar yadda kika san ta."

Na ce, "Babu. Shi ke nan."

Ranar Juma'a da kaina na shirya jakar Tsit. Na ga lokacin da ta zaro burodin ta cusa a aljihun jakar, na kau da kai. Suka fita ƙofa, uwar na riƙe da jaka, 'yar na riƙe da gefen zanen uwar.

Ba su kai Lahadi ba. Asabar da la'asar motar gidan ta shigo, Mai Fayil ta fito ɗauke da Tsit a kafaɗa, ƙafafunta a miƙe sun sandare, kayanta a jiƙe. Na karɓe ta, na kai ta gado, na yi abin da na saba yi. Da na fito Mai Fayil tana tsaye a baranda tana fifita da fayil ɗinta. Ta ce uwar ce ta kira ta tana kuka, wai ita ba ta yi mata komai ba, zanen gado kawai ta canja.

"Zanen gado!" in ji Mai Fayil. "Anti, yaro yana sandarewa saboda zanen gado? Ko ta dake ta, ko ta rufe ta ta fita. Ranar Alhamis kwamiti zai zauna. Idan ba a sami bayani ba, za a rufe maganar komawa sai abin da hali ya yi."

Na ce, "Allah ya kyauta."

To, ga shi na samu abin da nake so. Yarinya ta dawo gadonta, burodi ya koma rigar filo. Sai dai wadda ta dawo ba ita ce ta tafi ba. Ta ci abinci, ta je makaranta, amma bakin ya sake rufewa. Lahadi muka tafi sujada ba ta riƙe zanena ba. Na zauna tsintar shinkafa, bayana ya yi ta jira, ba wanda ya jingina. A wurin addu'ar safe, da aka zo kaina in yi wa yara addu'a, na buɗe baki na rasa abin faɗa, sai Kuku ce ta karɓa. Ta ce mini daga baya, "Yau kuma wa ya taɓa sarauniyar faɗa?" Na ce ta fita harkata.

Laraba da yamma na kai butar shayi zauren coci kamar yadda na saba. Iyaye sun hallara, kujerar gaba babu kowa. Karo na farko a shekara ɗaya da rabi. Da na juyo sai na ga Tsit a bakin tagar zauren, ta ɗage a kan yatsun ƙafa tana leƙen kujerar. Na kama hannunta muka koma. Muna cikin baranda ta ja ta tsaya.

"Anti."

Na juyo. Kwana huɗu ke nan ban ji muryar nan ba.

"Kar a ce ita ce. Ni ce na ɓata. Ta ga burodin a filo ta cire, ta ce wai da yunwa ta bar ni? Ta yi ta kuka. Yanzu ta san ban yarda da ita ba, shi ya sa ba ta zo ba."

Yarinya 'yar shekara bakwai ta ɗauki laifina ta aza a kanta, tana neman wanda za ta kare. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na kai ta wurin Kuku, na ɗauki gyalena, na ce wa mai gadi ya gaya wa Shugaba na fita.

Na san unguwar uwar daga fayil. Na tsaya a shago na sayi burodi guda. Gidan haya ne mai ɗakuna jere, igiyoyin shanya sun cika tsakar gida, ɗakinta na biyu daga ƙarshe. Ƙofar a buɗe take, an tokare ta da dutse. Daga baya na gane tun da aka ce mata ba a rufe wa Tsit ƙofa ta daina rufewa, don ta saba. Ɗakin tas, ko ƙura babu. An naɗe wata 'yar katifa sabuwa an jingine a bango, an ɗora filo a kai da riga mai zanen furanni, a goge. Tana zaune a ƙasa, littafinta a cinya, a rufe.

Ta yunƙura za ta rusuna. Na ce, "Zauna, ƙanwata. Yau ba ke za ki rusuna ba."

Na zauna a ƙasa kusa da ita. Na tambaye ta me ya sa ba ta gaya wa Mai Fayil maganar burodin ba. Ta ce, "In ce me, Anti? In ce 'yata ta kwana ɗaya a ɗakina har ta fara ɓoye abinci? Ai sun gama da ni. Na dafa mata duk abin da kika ce tana so. Na zaci ta ƙoshi." Ta share ido da bayan hannu. "Gara ta zauna wurinku. A wurinku ba ta yi."

Na ce, "Tana yi. Shekara uku tana yi. Ni nake canja mata shi kullum da safe."

Na gaya mata komai, tun daga tururuwa. Na gaya mata ban manta ba, da gangan na ƙi rubutawa, kuma na san abin da zai faru. Ban yi wa maganar kwalliya ba, don ba ta da inda za a yi mata.

Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Na tambaye ki fa, Anti. A ƙarƙashin bishiyar nan na tambaye ki."

"Kin tambaye ni."

"Ni na yi mata abin da na yi mata, na sani, har in mutu ina sani. Amma ke ai mai addu'a ce."

Na zauna ina kallon hannuwanta da suka tsattsage. Na zaci za ta ce in fita, kuma da ta faɗa da na fita ba musu. Sai ta jawo ledar burodin, ta buɗe littafinta, ta cire murfin biro da haƙori.

"Wane girma ake yanka shi?"

Na nuna mata yatsa uku. Ta kawo wuƙa ta yanka, ya yi kauri, na ce ta rage. Ta sake yankawa. Na nuna mata kusurwar da ake turawa, can ciki ta gefen bango, na ce sai yarinyar ba ta nan ake canjawa, kuma ba a yi mata maganarsa, ko da wasa. Ta ce har yaushe? Na ce ban sani ba, wataƙila sai ranar da kika ga ta manta ta taɓa. Ta rubuta wannan ma. Da zan tafi ba ta raka ni ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta dai ce, "A gaishe ta."

Alhamis na tsaya gaban kwamiti na maimaita. Mai Fayil ta yi ta kallona kamar yau ta fara ganina. Shugaba ta bari kowa ya fita sannan ta ce, "Burodi a ɗakin kwana bai dame ni ba. Da kin gaya mini da ni zan riƙa yanka miki. Shirun da kika yi wa matar nan shi ne abin." Ta ba ni takardar gargaɗi, ta ce wannan ce ta farko kuma ta ƙarshe. Sannan ta riƙe hannuna ta yi mini addu'a, abin da ya fi takardar zafi.

Aka sake gwajin daga farko. Uku duka suka tafi lafiya. Wata biyu bayan nan, wata Asabar da hantsi, aka tara yara a tsakar gida, Fasto ya yi addu'a, aka yi waƙa, Kuku ta yi ta sharar hanci da gefen zane. Tsit ta zo gabana ta tsaya. Na gyara mata wuyan riga da ba abin da ya same shi, na ce ta yi karatu, ta ji maganar mamarta. Ta ce, "To, Anti." Uwar ta rusuna ta ce, "Mun gode," ba fara'a, ba gaba. Suka fita.

Na koma ɗakin 'yan mata na yaye zanen gadonta, don Litinin za a kawo wata. Na cusa hannu a rigar filon, babu komai. Na ce to, ta tafi da abinta. Na wanke, na shanya, na raba faɗa biyu, na ba yara abincin rana. Da suka kwanta hutun rana na shiga ɗakina na zauna a bakin gado. Famfon bayan kicin yana ta ɗiga. Na kishingiɗa, sai na ji wani abu ya tokare mini kunne.

Na cusa hannu a rigar filona. Can ciki, ta gefen bango. An gutsure shi da hannu ne, ba da wuƙa ba, amma faɗinsa yatsa uku.

Ashe ta sani. Tun yaushe, ban sani ba, ban kuma sami wanda zan tambaya ba. Na riƙe shi a tafin hannuna na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne mijina, a hankali, don kada yara su farka.

Yau wata biyar ke nan. Mai Fayil ta ce suna lafiya, har Tsit ta yi ƙiba, kuma bakinta ba ya rufuwa. Ba su zo ziyara ba, ni ma ban ce a kawo ta ba. Yarinyar da ke gadonta yanzu ba ta ɓoye abinci, ita tsoron ruwan wanka take yi, muna fama. Kuku har yanzu tana tsokanata wai burodi na ɓacewa a hannuna. Kullum da safe, idan yara sun tafi makaranta, nakan shiga ɗakina in cire na jiya in sa sabo.